Takardar da Za Ka Koma Gida da Ita Bayan Tiyatar Yini Ɗaya

Jama'a masu sauraro, na cikin garin Figil na Kamaru da ƙauyukan da ke kewaye da shi, da na Bidzar da Gidar, da na Pitowa da Garwa da Lagdo, har da 'yan'uwanmu na hayin iyaka wajen Lere ta ƙasar Cadi, in Allah ya sa muryarmu tana isa gare su.  Mai ciwo Allah ya ba shi lafiya, mai jinya kuma Allah ya ba shi lada.

Zancenmu na yau a kan takarda ne falle ɗaya, wadda ya kamata a miƙa wa duk mutumin da za a yi wa aikin tiyata irin wanda ake yi da safe, a sallami mutum da yamma ya je ya kwana a ɗakinsa. Na sani cewa da yawa daga cikinku, musamman dattawa, da an ambaci tiyata abin da ke faɗo musu a rai shi ne gadon asibiti, da kwana bakwai ko goma a kwance, da dangi zaune kan tabarmi a gindin darbejiya suna jiran a kira su. Amma zamani ya zo da wani tsari wanda a cikinsa ayyuka masu yawa, kamar cire yanar ido, da gyaran fatar ido ga wanda gashin idonsa ya juya ciki yana gugar ƙwayar, da aikin gwaiwa da na ƙaba, da kaciyar yara, da fitar da ƙaramin ƙari daga ƙarƙashin fata, duk ana iya gama su cikin yini guda, matuƙar jikin mutum yana da ƙarfin ɗauka, likita kuma ya ga dacewar haka.

Wannan tsari ba yau aka fara shi ba. A birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland an yi wani likitan fiɗa mai suna James Nicoll, wanda a shekarar 1909 ya bayyana wa 'yan'uwansa likitoci cewa cikin kimanin shekara goma an yi wa yara aiki har 8,988 a sashen masu zuwa su koma na asibitin yara na garin, ba tare da an kwantar da su ba. Hujjarsa kuwa ita ce, jariri ya fi samun natsuwa da saurin warkewa a hannun mahaifiyarsa, ga shi kuma gadajen asibiti kaɗan ne, masu bukatarsu da yawa. Amma abin da nake so ku lura da shi a labarin mutumin nan shi ne, bai sallami yaran ya juya musu baya ba, domin akwai ma'aikatan jinya da ke bin su gida suna duba ciwon, kuma ya tanadi masauki kusa da asibitin saboda iyaye matan da suka zo daga nesa. Daga baya, a shekarar 1970, likitoci biyu, Wallace Reed da John Ford, suka buɗe wani gidan tiyata a birnin Finiks na Amurka wanda ba ya kwantar da kowa, a 1995 kuma aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan fanni, har ya zama a yau mafi yawan ayyukan da ake shirya wa rana a Ingila ta wannan hanya ake yin su.

Fa'idar wannan gare mu a bayyane take. Wanda ya kwana gida ya huta da kuɗin gado da na ciyar da masu jinya a garin da ba nasa ba, gonarsa da dabbobinsa ba su zauna babu mai ido a kansu ba, ya kuma nisanci cututtukan da kan yi yawo a ɗakin da aka tara marasa lafiya. Sai dai fa, jama'a, kowane rangwame da sharaɗinsa yake zuwa, kuma sharaɗin wannan shi ne cewa aikin jinya, wanda a dā ma'aikacin da ya yi shekaru yana koyonsa ke yi dare da rana, yana duba ɗauri, yana auna zafin jiki, yana tambaya ko an yi fitsari, yanzu ya tashi ɗungurungum ya koma hannun matar gida, ko uwa, ko ɗan da ya rako tsohonsa a bayan babur, alhali kuwa babu ɗayansu da aka taɓa zaunar da shi aka karantar da shi alamomin hatsari. An ɗora musu amana mai nauyi, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa mutum amana sa'an nan a bar shi da abin da kunnensa ya kama cikin minti biyar a bakin ƙofa.

Wani zai ce, ai likita yakan yi bayani da baki. Gaskiya ne, yakan yi, kuma wajibi ne ya ci gaba da yi. Amma ɗan Adam ajizi ne, mantuwa kuwa a jininsa take. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Roy Kessels, ya tattara binciken da aka yi a kan wannan mas'ala ya buga a shekarar 2003, abin da ya bayyana kuwa shi ne, daga kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na abin da ma'aikatan lafiya ke gaya wa marasa lafiya nan take ake mance shi, kuma kusan rabin abin da ya saura a ƙwaƙwalwa ba daidai aka riƙe shi ba. To, in haka abin yake ga mutanen da likita ke yi wa magana da harshen da suka sha a nono, ina ga dattijon da ya taso daga wani ƙauye na Mayo-Luti, wanda likita ya yi wa bayani da Faransanci, wani ma'aikaci ya juya zuwa Fulatanci, ɗansa kuma ya sake juyawa zuwa Gidaranci ko Hausa, ga tsoron wuƙa a zuciyarsa kafin aiki, ga kuma magagin maganin sa barci bayan aiki, wanda shi kansa a cikin ɗabi'arsa akwai shafe abin da aka ji? Sau da yawa ma wanda aka yi wa bayanin, wato mijin ko wan maras lafiya, da an isa gida sai ya koma kasuwa ko wurin aikinsa, jinya ta faɗa hannun wadda ba ta je asibitin ba ko kaɗan.

Mu kuwa al'umma ce da ba ta bukatar a zo daga waje a koya mata darajar rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, tare da ajalinsa, domin a kauce wa shakka da mantuwa. In kuwa an ba dukiya irin wannan kiyayewa, lafiyar jiki, wadda malamai suka lissafa kiyaye ta cikin manyan manufofin Shari'a, ta fi cancanta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya zauna ya rubuta gajerun littattafai a kan magani, har da na basir da na ciwon ido, domin ilmin ya isa inda ƙafarsa ba ta isa ba. Saboda haka takardar da muke magana a kanta ba baƙuwa ba ce a gidanmu.

Yanzu bari mu dubi abin da ya kamata ta ƙunsa, mu fara da lokacin bayar da ita, domin a nan ake yawan kuskure. Takardar da aka miƙa wa mutum yana kan hanyar fita, jiri na ɗibarsa, ta makara da rabi. Lokacinta na gaskiya shi ne ranar da aka yanke shawarar aiki aka sa rana, domin ya tafi da ita gida, a karanta masa cikin natsuwa, iyali su yi shawara, a san wa zai raka shi, a san nawa za a nema, in wata tambaya ta taso kuma ya dawo da ita.

Babban abin da ke gaban aiki shi ne barin ci da sha. Ƙa'idar da likitocin sa barci suka fi bi a duniya ita ce a bar abinci awa 6 kafin aiki, jariri ya bar nonon uwa awa 4, ruwa tsantsa kuwa ana iya sha har zuwa awa 2 kafin a shiga, sai fa in asibitin ya rubuta maka wani abu daban, to, nasa za ka bi. Dalilin wannan hani shi ne, idan aka sa mutum barci da magani, tari da haɗiyar da ke tsare maƙogwaronsa su ma sukan yi barci, in kuwa akwai abu a cikinsa yana iya tasowa ya gangara cikin huhu, wannan kuma musiba ce da kan kai ga rasa rai. A wajenmu dole takarda ta ambaci abubuwa da sunayensu, domin in an ce wa mutum kada ya ci abinci, abin da ya fahimta shi ne tuwo da shinkafa, sai ya sha kunu ko koko ko fura da nono da asuba da zuciya ɗaya, ya tauna goro a hanya, in an tambaye shi kuma ya rantse bai ci kome ba, kuma a nasa sanin bai yi ƙarya ba. To, ku ji da kyau: kunu, da koko, da nono, da shayi mai madara, duk hukuncin tuwo gare su a wannan babi. Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wato tsohon da tsoro ya sa ya bar ko da kurɓin ruwa tun magaribar jiya, ya zauna layi har azahar cikin zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Garwa kan wuce 40, har jikinsa ya bushe kafin a kira shi. Alhali ayyuka da yawa da ake yi da allurar kashe wuri kaɗai ba su bukatar wannan wahala. Sa'a rubutacciya ita ke raba mutum da waɗannan kurakurai biyu.

Haka nan takarda ta faɗa wa mai hawan jini da mai ciwon sukari wane magani zai sha da safen ranar, wane zai dakatar, domin wanda ya sha maganin sukari bai ci abinci ba yana iya faɗuwa sumamme. Ta tunatar da mutum ya bayyana wa likita duk jiƙo da saiwar da yake sha, ba tare da jin kunya ba, da maganin da ke tsinka jini irin su asfirin. Ta ce a yi wanka da sabulu, mai aikin ido kuma ya bar kwalli. In zazzaɓi ko tari ya kama mutum kafin ranar, ya sanar. Ga iyayen da za su kai yaro kaciya akwai tambaya guda da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe: shin a dangin uwar yaron an taɓa samun namijin da jininsa ba ya tsayawa in ya ji ciwo? Domin akwai cutar rashin daskarewar jini wadda ake gado ta wajen uwa, ta bayyana ga 'ya'ya maza, kuma sau da yawa ranar kaciya ake fara ganinta.

Sa'an nan sai maganar ɗan rakiya da masauki. Wanda aka sa wa maganin barci, ko aka yi wa allurar gadon baya, ba ya komawa gida shi kaɗai, ba ya tuƙa mota ko babur, ba ya hawa bisa, ba ya ƙulla ciniki ko sa hannu a wata yarjejeniya har sai awa 24 ta cika, kuma wajibi ne baligi mai hankali ya kwana kusa da shi daren farko. Tsakanin Figil da Garwa akwai tafiyar kusan kilomita 90 a kan babban titin da ya wuce zuwa Marwa, wanda kuwa gidansa ke bayan wani rafi da damina, ya san cewa ruwan dare ɗaya yana iya raba shi da asibiti yini guda cur. Ra'ayina a nan, kuma shi ne abin da likitocin wannan fanni ke so, wanda gidansa ya fi tafiyar awa guda daga asibiti ya nemi ɗan'uwa ko mai masauki a cikin gari ya kwana dare ɗaya ko biyu, a kuma rubuta masa haka tun farko domin ya yi shiri.

Abin da ya shafi bayan aiki ya fi yawa, amma zan tsaya ne inda na ga mutanenmu sun fi shan wahala. Ɗaurin da aka yi a bar shi a bushe, kada a kwance shi don a nuna wa masu zuwa gaisuwa, kada a barbaɗa masa toka ko garin kafso, kada a shafa man shanu ko wani haɗi, kome kyawun niyyar wanda ya kawo. Mai aikin ido ya tsare idonsa daga ƙurar hunturu da hayaƙin murhu, a garinmu Figil kuma har da ƙurar farar ƙasa da siminti, kada ya murza, kada ya ɗiga wani abu in ba wanda aka rubuta masa ba. Lokutan magani kuwa, maimakon a rubuta sau uku a yini kawai a bar mutum da lissafi, ya fi kyau a ɗaure su da abin da kowa ya sani, a ce da asuba, da azahar, da lokacin kwanciya barci. A rubuta iyakar maganin kashe zafi, domin farasitamol da muke ɗauka ba kome ba, in baligi ya wuce giram 4 a yini yana iya lalata hanta, ga shi kuma yana ɓoye cikin magungunan mura da na ciwon jiki da ake talla a kasuwa, sai mutum ya haɗa biyu ko uku bai sani ba. Tiramol kuwa, wanda ya riga ya cinye mana samari da yawa a wannan yanki, kada wani ya saye shi a bakin titi da sunan jinya.

Akwai mas'alar ibada, wadda takardun da ake kwafowa daga Turai ba su san da ita ba, alhali ita ce tambayar farko a zuciyar dattijon da aka cire wa yana: yaya zan yi alwala, yaushe zan kai goshina ƙasa? Na tabbata akwai waɗanda ke jiƙa ɗauri da ruwan rijiya don tsoron kada sallarsu ta ɓaci, alhali malaman fiƙihu na mazhabar Imamu Malik sun daɗe da bayyana halaccin shafa a kan ɗauri, da taimama ga wanda ruwa zai cutar, da salla a zaune ko da ishara ga wanda ba ya iya ruku'u da sujada, da jinkirta azumi ga maras lafiya ya rama daga baya. Abin da ya rage shi ne likita ya faɗi adadin kwanaki, malami ya faɗi hukunci, a haɗa su a layi biyu cikin takarda ɗaya. Da likitocinmu da limamanmu za su zauna zama ɗaya a kan wannan, da an kawar da damuwa mai yawa.

Zuciyar takardar kuwa, wadda in an rasa kome kada a rasa ta, ita ce alamomin da ke cewa a koma asibiti yanzu, ba gobe ba. Jinin da ya jiƙe ɗauri ya ƙi tsayawa bayan an danne wurin da tsumma mai tsabta na minti goma. Kumburin da ke ƙaruwa. Kasa yin fitsari alhali mara ta cika, wanda kan faru bayan aikin ƙaba ko allurar baya. Amai da ya ƙi tsayawa. Numfashi sama-sama, ko ciwon ƙirji, ko kumburin sha-raɓar ƙafa ɗaya. Ciwon kai mai tsanani da ke tashi in an miƙe ya lafa in an kwanta. Ciwon da ya yi ja, ya yi zafi, ya fara ruwa ko wari, yawanci ba a ranar farko yake bayyana ba, sai bayan kwana uku zuwa mako guda ko fiye, lokacin da kowa ya saki jiki. Ina kuma jan kunne game da zazzaɓi, domin mu nan kowane zafin jiki sunansa zazzaɓin cizon sauro, sai a sayi magani a sha a jira kwana uku. To, zazzaɓin da ya biyo bayan tiyata asibiti ake kai shi a bincika. Ido ya fi kome gaggawa, domin in zafi na ƙaruwa, gani na raguwa bayan ya fara washewa, ƙwayar cuta ce mai yiwuwa ta shiga ciki, kuma tana iya kashe ido cikin kwana ɗaya ko biyu. A ƙarƙashin waɗannan alamomi dole a sami lambar wayar da ake ɗauka dare da rana, da sunan wurin da za a nufa, da ranar dawowa cire zare, an rubuta ta da sunan ranar mako, har ma a kwatanta ta da abin da mutum ba ya mancewa, kamar a ce washegarin kasuwar Pitowa ta Lahadi.

To, da wane harshe za a rubuta, da wane irin baƙi? Harsunan hukuma a Kamaru Faransanci ne da Ingilishi, da Faransanci kuma ake rubuta mana karne, wato littafin asibiti, da takardar sayen magani. Amma harshen kasuwa da unguwa a wannan yanki Fulatanci ne, ga Hausa, ga Gidaranci da Mundang da Daba da Fali. Takardar da aka cika da manyan kalmomin likitanci na Faransanci, wadda ko ɗan makarantar sakandare sai ya yi tuntuɓe a cikinta, an sauke nauyi ne kawai da ita. Tun taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 aka daidaita yadda za a rubuta Fulatanci da Hausa da baƙaƙen boko, kuma tun kafin wannan da ƙarnuka kakanninmu ke rubuta su da ajami. Dattijai nawa ne, da mata nawa, waɗanda ake lissafawa cikin marasa karatu, alhali in ka miƙa musu rubutun ajami za su karanta shi tiryan-tiryan, domin sun yi shekaru a gaban allo? Ina ganin mafi dacewa shi ne falle ɗaya mai fuska biyu, Faransanci mai sauƙi a gaba saboda ma'aikacin lafiyar da zai duba ta daga baya, Fulatanci ko Hausa a baya da boko da ajami, da jimloli gajeru, da baƙaƙe manya saboda masu raunin gani. A kowane ƙauye ba a rasa malamin allo, ko malamin makaranta, ko mai wa'azin coci, ko yarinyar da ke aji shida, wanda zai karanta a bayyane kowa ya ji.

Zane ma yana da babban amfani. A shekarar 1998 wani mai bincike a Amurka, Peter Houts, da abokan aikinsa suka gwada karanta wa mutane umarnin jinya da baki kawai, sai suka tuna kashi 14 cikin ɗari. Da aka haɗa bayanin da 'yan zane-zane masu sauƙi aka bar musu su suna dubawa, sai abin ya kai kashi 85. Amma zanen sai an yi shi da kayanmu, da guga da turmi da buhu da babur, a kuma gwada shi ga mutanen ƙauye a ji abin da suka fahimta kafin a buga, domin zanen da ya fito sarai ga wanda ya zana shi yana iya ba wani wata ma'ana daban. Bayan an karanta wa maras lafiya da ɗan rakiyarsa, kada ma'aikaci ya tsaya ga tambayar kun gane, domin kunya da ladabi za su sa kowa ya ce i. Sai ya yi yadda malamin allo ke yi, ya ce to, biya mini in ji, me za ka yi in ka ga jini? Wanda ke da waya mai ɗaukar murya kuma, ya roƙi izini ya ɗauki bayanin, ko a tura masa ta WhatsApp, ya zama ƙari a kan takardar, domin waya takan mutu ba caji, takarda kuwa tana nan.

Akwai wata fa'ida ta wannan takarda da ba a cika ambata ba, ni kuwa ina ganin tana cikin mafi girma, ita ce zamanta hujja ga mai rauni. Matar da aka yi wa aiki ta koma gidan da take ita ce mai daka, mai jan ruwa, mai ɗauko itace, in ta ce likita ya hana ni aiki mai nauyi mako huɗu, ba a rasa wanda zai ce son jiki ne, ai ga ta tana tafiya da ƙafarta, da ciwon na gaske ne da an kwantar da ita. Kunya kuma ba za ta bar ta ta yi musu da uwar mijinta ba, sai ta ɗauki taɓarya. Haka lebura mai dakon buhunan siminti, ko manomin da aka yi wa aikin ƙaba ana tsakiyar tsinkar auduga, wanda likitoci kan umarta ya guji ɗaukar kaya mai nauyi mako huɗu zuwa shida; in ba shi da abin nunawa, ubangidansa ko bukatar gida za su mai da shi bakin aiki tun ɗinki bai kama ba. Amma in ga takarda da hatimin asibiti, an karanta a tsakar gida kowa ya ji, magana ta tashi daga bakin mai rauni ta koma bakin likita, mai gida kuma ya sami abin da zai tsaya a kai ya ce a bar ta ta huta. Ina roƙon magidanta da iyayenmu mata, don Allah, ku ɗauki sallamar yini ɗaya a matsayin an mayar muku da jinya gida, ba a matsayin an warke ba. Sai dai a kiyaye sirri, domin mai gwaiwa ko basir ba zai so ɗan maƙwabci ya karanta masa takardarsa ba. Shi ya kamata a tambaya tun a asibiti wa ya amince ya ji, a kuma raba bayanin jinya da sunan cutar in ya so haka.

Bukatar takarda takan ƙaru a lokacin ayyukan gayya, sa'ad da likitoci kan zo gari su yi kwanaki suna aiki kyauta ko da rangwame, kamar zagayen gyaran fatar ido da aka yi ta yi a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa domin yaƙi da makantar amodari, ko irin tafiye-tafiyen da ƙungiyar ASCOVIME ta Dakta Georges Bwelle ke yi zuwa ƙauyukan Kamaru tun 2008. Alheri ne babba, Allah ya saka musu. Amma tun da wanda ya yi aikin zai koma inda ya fito, ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye shi zai gaji jinyar, kuma yana bukatar ya ga a rubuce wane aiki aka yi, a wane gefe, da wace irin allura, zaren mai narkewa ne ko na cirewa, wane magani aka bayar.

Ga shugabannin asibitocinmu, na gundumar Figil da na Gidar da manyan asibitocin Garwa, da ɗaliban makarantar koyon likitanci da ke can, da kwamitocin lafiya na unguwanni, ina cewa wannan aiki ba ya jiran taimako daga waje. Ayyukan da ake sallama a yini ba su da yawan da zai gagara; likita ɗaya, da ma'aikacin jinya, da malami mai kyawun ajami, da mai zane, da mutum biyu ko uku da aka taɓa yi wa aikin, in suka zauna za su fitar da falle ɗaya ga kowane aiki, kuɗin kwafe shi kuma kaɗan ne, alhali ciwon da ya ruɓe ya koma ɗakin tiyata yana cin dubbai.

Kai kuma mai sauraro, in an sa maka rana, ko an sa wa wani naka, ba a kuwa ba ka takarda ba, kada nauyin baki ya hana ka. Miƙa karnenka cikin ladabi ka ce, likita, don Allah a rubuta mini ƙarfe nawa zan daina ci da sha, da yadda zan sha magani, da alamomin da za su dawo da ni, da lambar da zan kira da dare, da ranar cire zare. Ka sa a karanta maka kafin ka bar wurin, ka biya a ji, ka sa takardar cikin leda saboda gumi da ruwan sama, ka ajiye ta inda mai jinyarka za ta gan ta, ka kuma riƙo ta duk ranar da za ka koma asibiti.

A nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.